Don Aski Za A Aurar Da Ni

Masu bin labarina, ku gyara zama, domin abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban gaya wa ba tukuna. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Verity Ashcombe, shekarata ashirin da shida, ni kaɗai ce 'yar Sir Gervase Ashcombe. Muna zaune a wani tsohon gida a Shropshire wanda ɗakunansa suka fi mutanen cikinsa yawa, rufinsa kuma ba ya yoyo sai daidai inda aka ajiye gado. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Yayar Baba, Goggo Maud, ta zo mana zaman makoki da akwati ɗaya, har yau ba ta koma ba.

Manemina kuwa Lord Ivo Stanhurst ne. Dogo ne siriri, kunnuwansa sun ɗan yi gaba da shi, kirki kamar ya yi masa yawa. Idan ka bar shi a bakin tafkinmu da ɓawon burodi, sai ya wuni yana hira da agwagi. Ba zan ce muku mai kaifin basira ne ba, don ban saba yi muku ƙarya ba. Amma yana da abin da duk samarin Landan suke yi masa hassada a kai, wato hadiminsa Tolley, mai kula da tufafinsa da askinsa da duk abin da ya shafi rayuwarsa, har da lokacin da ya kamata ya ji yunwa.

Masifar ta faro ne a kakar bara, ranar da Ivo ya fara zuwa gidanmu harbin tsuntsaye. Tsohon da yake yi wa Baba aski ya kwanta da mura, dama kuma hannunsa ya daɗe yana rawa, kullum Baba da ɗan auduga manne a haɓa yake saukowa karin kumallo. Sai Ivo ya ara masa Tolley na safiya ɗaya. Baba ya sauko ranar yana shafa kumatu, ya zauna, bai buɗe jarida ba, bai zagi gwamnati ba. Ya dubi taga ya ce ashe haka sauran mutane suke rayuwa.

Tun daga ranar Baba bai sake samun sukuni ba. Ga shi a wurinmu kana iya kayar da mutum zaɓe, ka sayar masa da gurgun doki, gobe ku ci abinci tare. Amma ka zuga hadimin baƙonka ya bar shi ya dawo wurinka? Ba mai sake gayyatarka ko shan shayi, a coci ma sai dai a gaishe ka da gira. Baba ya rame. Goggo Maud ce ta samo mafita, ta kuma faɗa mini ita ƙiri-ƙiri wata la'asar, tana zuba mini shayi kamar maganar yanayi take yi.

“In kin auri yaron nan, za ku zauna a sashen gabas. Inda Lord ya zauna nan hadiminsa yake zama. Ba wanda ya saci kowa.”

“Goggo, don aski za a aurar da ni?”

“An aurar da waɗanda suka fi ki don abin da bai kai wannan ba. Ki ɗauki biskit.”

Daga nan gidan ya koma filin kamfe. Baba ya fara kiran Ivo “ɗana”. Goggo ta sa aka canja labulen sashen gabas, aka share murhun wani ɗan ɗaki da yake kallon rana, ba a kuma ɓoye mini ko na wane ne ba. In na ce kaina yana ciwo ba zan sauko gaida baƙo ba, sai Baba ya turo a gaya mini in tuna shi ma yana da fuska.

To ga abin da ban taɓa faɗa ba. Ina son Ivo. Ina son sa har ina jin haushin kaina. Ina son yadda yake ba wa kare haƙuri in ya taka masa jela, da yadda fuskarsa take yin ja har wuya in na shigo ɗaki. Da wani ne Goggo ta kawo, da na san yadda zan kore shi cikin mako guda. Abin da ya hana ni barci shi ne bakinsa. Ba ya buɗe shi sai ya ce Tolley ya ce. Tolley ya ce za a yi ruwa. Tolley ya ce furen nan ya fi dacewa da mace mai irin gashinki. Tolley ya ce kada in ci kifi ranar Litinin. Sai na fara tambayar kaina, anya ba Tolley ne ya zauna ya duba 'yan matan ƙasar nan ya ce, ranka ya daɗe, waccan ta Shropshire za mu nema ba? Ni kuwa na yarda a aure ni da wauta, ban yarda a aure ni da shawara ba.

Ranar Laraba na yi ta maza na je wurin tarho. Tarhon gidanmu yana zauren shiga ne, ƙarƙashin kan wata barewa da kakana ya harba, wurin da ya fi ko'ina sanyi, kuma duk abin da ka faɗa har kicin ana ji. Na jira Goggo ta fita duba wardinta, na sa aka haɗa ni da Landan.

“Ivo, ina so ka zo ranar Asabar.”

“Dama zan zo. Tolley ya riga ya...”

“Kai kaɗai. Ba Tolley. Kuma in ka zo, ba wanda zai taimake ka da komai. In kana da maganar da za ka gaya mini, ina so in ji ta daga mutumin da ya sa wa kansa riga.”

Matar da take haɗa layi ta tambaya ko mun gama. Can na ji ya ce, a hankali, “To, Verity.”

Ranar Asabar tun da hantsi wayar tangaraho ta fara shigowa. Ta farko ta ce: NA TASO. WANE JIRGIN ƘASA NE NAKU. Ban gama dafe kai ba ta biyu ta iso: NA SAUKA A WANI GARI. BA NAKU BA NE. MUTANEN KIRKI. Ta ukun da ta zo bayan azahar kalma biyu ce kacal: INA TAFE. Na ninke su na tura cikin aljihun rigar sanyina, rabi dariya rabi tausayi.

Sai da rana ta yi sanyi ya iso a bayan keken mai kai madara, da akwati a cinya, hannun wata riga yana lilo ta gefensa. Baba yana kan matakala tun ɗazu, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Ya miƙa wa Ivo hannu amma idonsa yana bayansa, yana leƙen keken, har ƙarƙashin tulunan madara sai da ya duba.

“Ina Tolley?”

“Bai zo ba, yallaɓai.”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba. Duk da haka Baba ya daure, ya ce za a ba shi ɗaya daga cikin ma'aikatan gida ya shirya shi, kamar yadda ake yi wa duk baƙon da ya zo shi kaɗai. Ivo ya saci kallona, ya ce ya gode, zai iya.

Aka kaɗa ƙararrawar shiri, kowa ya hau sama. Dorcas, mai yi mini kwalliya, ta fito mini da koriyar rigata ta siliki mai ɗan gajeren hannu, ta naɗe mini gashi, ta sa mini sarƙar lu'ulu'un mahaifiyata. Na dubi madubi na ga ba laifi. Muka taru a falo, ni da Baba da Goggo cikin baƙar rigarta mai ƙyalli wadda take ƙara in ta motsa. Aka kaɗa ƙararrawar abinci. Ba Ivo. A gidanmu kuwa ba a zama kan tebur sai baƙo ya sauko, ko da za a kwana. Muna jin ƙanshin romo yana tasowa, yana raguwa, har ya daina.

Da ya shigo, da farko na ɗauka ya ci nasara. Baƙin kwat yana nan, wando yana nan, takalma ma iri ɗaya ne. Laktayen ne ya ɗaure kamar na buhun dankali, amma wannan mai sauƙi ne. Abin da na lura da shi shi ne hannunsa na dama, wanda ya dafe a ƙirji bai ɗaga ba. Goggo ta matso kunnena ta ce in duba, soyayya ta kama shi har zuciya.

Yana ba ni hannun hagu za mu shiga ɗakin cin abinci ya sunkuyo ya raɗa mini.

“Verity, ban so in tayar da hankalin kowa, amma ina jin akwai ɓarawo a jirgin nan. An yanke mini maɓallan riga. Duka rigunan, ko ɗaya ba a bari ba. Har zaren an tsince.”

Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Farar rigar da maza suke sawa da dare ai ba a ɗinka mata maɓalli. Ramuka ne kawai a gaba, maɓallan na zinariya suna cikin ɗan akwatinsu daban, hadimi ne yake jera su kafin ubangidansa ya fito daga wanka. Bawan Allahn nan shekararsa talatin a duniya, yana sa rigar kowane dare, bai taɓa sanin haka ba. Shi a zatonsa da su take zuwa duniya.

Romo ya wuce lafiya, don da hannun hagu ya sha. Kifi ma ya lallaɓa. Sai aka kawo gasasshen naman rago, kuma mai girkinmu ba ta yarda nama ya yi laushi, tana ganin lalaci ne. Ivo ya dubi naman, ya dubi wuƙa, ya dube ni. Ya cire hannu daga ƙirji.

Gaban rigar nan ya sha sitaci har ya zama kamar allo. Yana sakinsa ya yi tsalle ya buɗe, ɓangare ɗaya ya doki haɓarsa, ɗayan ya ture kofin ruwa, ga jar singiletin ulu a fili tana kallon hoton kakata. Ku da ba ku san gidajenmu ba za ku ce an yi dariya ko an yi salati. Ba wanda ya ko ɗaga gira. Mu tun muna yara ake koya mana cewa abin da bai kamata ya faru ba, bai faru ba. Goggo ta dubi saman kan Ivo ta ce ana sa ran ruwa kafin Talata. Baba ya ce ciyawa tana bukata. Mai raba abinci ya zuba wa Ivo miya a nama, idonsa yana kan bango. Shi kuma ya ci gaba da yanka, kunnuwansa kamar a kunna taba da su, ya ce ai kuwa agwagi za su ji daɗi. A daidai wannan lokacin na san na gama yawo, ko wane ne ya zaɓo masa ni.

Bayan kayan zaƙi ni da Goggo muka tashi muka bar maza da kwalbarsu, kamar kullum. Ba mu daɗe da zama a falo ba muka ji an banko ƙofa, Baba ya wuce zauren shiga da saurin da ban san yana da shi ba, yana kiran a haɗa shi da Landan a tarho. Goggo ta bi shi ta ji ko gobara ce. Sai ga Ivo ya leƙo, ya riƙe gaban rigarsa da hannu biyu, ya ce ko zan ɗan fito baranda.

Gari bai gama duhu ba, irin yammacin bazara mai daɗewa. Ya tsaya yana kallon takalmansa. Na ce masa ya yi ƙoƙari, gobe in ya koma sai ya ba Tolley labari su yi dariya.

“Ai babu Tolley,” ya ce. “Mun rabu.”

Na ce ban gane ba. Sai ya ba ni labarin, yana yi yana tsayawa. Ashe tun zuwansu na farko Tolley ya ce gidanmu bai yi ba. Ya ce danshi yana lalata takalma, 'yar gidan kuma tana dariya da ƙarfi, tana karanta jarida kafin maza su karanta. Kowace Juma'a sai ya shirya akwati don zuwa wani gidan, inda akwai wata 'yar Lord mai magana ƙasa-ƙasa, kowace Juma'a kuma Ivo sai ya ce a'a, Shropshire za mu. Tun yana ɗan shekara goma sha tara bai taɓa yi wa Tolley musu a kan komai ba sai a kan wannan. Da ya gaya masa zai zo shi kaɗai, Tolley ya ajiye burushin da yake hannunsa ya ce, ranka ya daɗe, in ka fita ƙofar nan ba ni, in ka dawo ba za ka same ni ba.

“Na daɗe a bakin ƙofar,” ya ce. “Ban ma san inda ake ajiye hulata ba. Sai na fito haka.”

“To duk Tolley ya ce ɗin nan da kake damuna da shi fa?”

“In na gan ki kaina yana zama fanko. Maganarsa ce kaɗai take saura a ciki.”

Jama'a, na ji kunya, na ji daɗi, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka da koriyar rigata. Ya gyara murya, ya fara neman yadda zai durƙusa ba tare da ya saki rigar ba. Gwiwarsa ɗaya ta kusa ƙasa ke nan Baba ya fito barandar, fuskarsa tana walƙiya, Goggo tana biye.

“Verity, 'yata, kin huta,” ya ce. “Da Ivo ya ce mini sun rabu da Tolley na kira shi, na same shi yana haɗa kayansa. Tunda ya bar aiki da kansa, ba wanda zai ce na yi sata. Gobe da jirgin safe zai iso. Ba sai kin auri kowa ba.”

Ya faɗe ta ne da zuciya ɗaya, irin ta uban da ya kawo wa 'yarsa tsaraba. Sai da ya gama ya lura da wanda yake durƙushe a gabansa. Ivo ya miƙe a hankali. Jan da yake fuskarsa duk ya zube. Ya dubi Baba, wanda ya yi watanni yana kiransa ɗana, ya dubi Goggo, ya gane komai, kuma wallahi da na so a ce wautarsa ta kai ta rufa masa wannan. Ya ce yana neman afuwa in ya takura wa gidan, zai bi jirgin safe. Sa'an nan ya juyo gare ni, muryarsa ba ta fi ta yaro ba.

“Ke ma don Tolley ne?”

An koya mini yin shiru a irin wannan wuri. Goggo ma har ta buɗe baki za ta koma maganar ruwan Talata. Na riga ta.

“Ivo, dube ni da kyau. Ka ga gemun da za a aske a fuskata? Koma inda kake, ka ƙarasa abin da ka fara. Amsar e ce, amma ina so in ji tambayar.”

Ya koma kan gwiwa, ya manta da rigar, ta sake tsalle, ya yi tambayar a haka. Ba ta yi tsari ba ko kaɗan, har agwagi sun shigo ciki, amma tasa ce tun daga farko har ƙarshe.

Na juya ina jiran Baba ya sa albarka, sai na ga yana murza hannu yana kallon ƙasa. Ya ce akwai 'yar matsala. Tolley ya kafa sharaɗi ɗaya kafin ya yarda: ba zai iya miƙa wa tsohon ubangidansa hula a gidan sabo ba, abin kunya ne a sana'arsu, don haka muddin yana gidan nan Lord Ivo ba zai sake taka shi ba.

“Ka ce masa me, Baba?”

“Na riga na yi alkawari, Verity. Mutum ba ya tayar da alkawari.”

“Ko a kan 'yarsa?”

Hannunsa ya tafi haɓarsa, ya shafa, ya sauke da sauri da ya ga ina kallo. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da Goggo ta ƙara, don ita cewa ta yi dama Lord ɗin da ba ya iya rufe ƙirjinsa ba mijin aure ba ne, an yi haƙuri da shi ne saboda dalili, dalilin kuma ya ƙare.

Na ce to shi ke nan, jirgin safe zai ɗauki mutum biyu. Zan sauka wurin ƙanwar mahaifiyata a Landan har a ɗaura aure. Goggo ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ɗaga murya ba. Ta aika aka gaya wa Dorcas da duk ma'aikatan gidan cewa daga wannan lokaci ba mai taya ni ko ɗaga tsinke, tunda na zaɓi rayuwar masu yi wa kansu.

Na hau sama ina taƙama, na rufe ƙofa, na kai hannu baya zan cire riga. A nan na gano cewa koriyar rigar nan da wasu ƙananan ƙugiyoyi ake rufe ta, tun daga wuya har ƙugu, a daidai inda hannun ɗan Adam ba ya kaiwa. Shekara biyu ina sa ta ban sani ba.

Yanzu da nake ba ku labarin nan gari ya waye, ana yayyafi, ina zaune a bakin gado cikin rigar jiya, siliki duk ya yamutse. Akwatina yana buɗe, na zuba takalma da burushin gashi da hoton mahaifiyata, ya ƙi rufuwa. Ta taga ina hango Ivo a tsakar gida, ya ɗaure gaban rigarsa da igiyar labule, yana tambayar mai lambu ta ina tasha take. Baba bai fito ba. Na ji takunsa ya zo ƙofata ɗazu, ya tsaya, ya koma bai ƙwanƙwasa ba.

Jirgi ɗaya ne yake tsayawa a tasharmu ranar Lahadi. Shi zai sauke Tolley, ya juya da mu. Baba kuma ya sa a fito da mota, ban sani ba ko tarya zai je ko rakiya.